Amsa ga ɗan'uwan da kekensa ke tarwatsewa a Teardown

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don abin da ka faɗa ni ma ya taɓa cin mini kusan mako biyu. Ka ce ka zana Keke Napep a MagicaVoxel, manhajar zana abubuwa da ƙananan bulo, ka shigar da shi editan Teardown, wato wurin harhaɗa abubuwa na wasan kwamfutar nan na rushe-rushe, ya fito ya kusa kai girman motar bas, kuma da zarar ka taɓa shi da guduma sai jikinsa ya tarwatse kamar kwalba. Sannan ka tambaya ko ka haƙura da MagicaVoxel ka koma gina komai a cikin wasan.

Bari na fara da tarwatsewar, don ita ce ta fi ɓata rai. Zanenka ba shi da laifi, matsalar tana wurin da ka ɗebo launin. Allon launukan MagicaVoxel gidaje ne masu lamba, takwas takwas a kowane layi, kuma Teardown ba ruwansa da cewa launin nan ruwan ɗorawa ne ko kore. Lambar gidan yake dubawa ya yanke hukuncin abin da aka yi jikin da shi. Gida na 1 zuwa na 8 gilashi ne. Daga 57 zuwa 72 katako ne, 73 zuwa 88 kankare, 89 zuwa 104 bulo, 121 zuwa 136 ƙarfe mai laushi irin na jikin mota, 153 zuwa 168 kuma roba. Ina kyautata zaton ruwan ɗorawar da ka shafa wa keken yana cikin gidaje takwas na farko, shi ya sa wasan ya ɗauka keken gilashi ka ba shi, ya kuma yi masa abin da ake yi wa gilashi. Buɗe fayil ɗin, danna launin, duba lambarsa. Idan haka ne, sai ka haɗa irin wannan ruwan ɗorawa a ɗaya daga gidajen 121 zuwa 136, ka sake shafe jikin da shi. A ido ba abin da zai canja, amma a cikin wasa sai ka ga ya zama ƙarfe.

Ka kula da gidajen 137 zuwa 152 da na 41 zuwa 56. Na farko ƙarfe mai nauyi ne, na biyu dutse, kuma dukansu ba sa fashewa. Na taɓa yi wa wata ƙaramar mota baƙin fenti daga can, na sa mata bam, komai ya watse amma ƙasanta ya zauna daram ko ƙwarzane babu. A wasan da daɗinsa duka rushe abubuwa ne, wannan ma kuskure ne, ya dai zo ta ɗaya ɓangaren.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi zan ba ka shawara, shi ne ba na fara sabon aiki da allon launukan da manhajar ta zo da shi. Na shirya allo guda nawa, kowane layi na san abin da yake ɗauke da shi, na ajiye shi a fayil marar komai, duk sabon abu daga kwafinsa nake farawa. Idan ba ka son wahalar shiryawa, je wurin da ake sarrafa mod a wasan, wato ƙarin abubuwan da ake haɗawa a saka masa, ka yi kwafin ɗaya daga cikin waɗanda suka zo tare da shi, ka buɗe fayil ɗin motar da ke ciki, ka ari allonsu. Ban da launi ma, duba yadda mutanen Tuxedo Labs, kamfanin da ya yi wasan, suka jera motarsu a edita ya fi kowane bayani da zan rubuta maka koyarwa.

Maganar girma kuwa lissafi ce kawai. A Teardown kowane boksel, wato ɗan ƙaramin bulon da ake gina komai da shi, santimita 10 ne. Keken gaske tsawonsa bai wuce mita biyu da rabi da ɗan ɗori ba, faɗinsa kamar mita ɗaya da santimita 30, tsayinsa kamar mita ɗaya da santimita 70. Ka ga ke nan boksel 26 a tsawo, 13 a faɗi, 17 a tsaye sun ishe ka. Na san abin da ya faru: kana son madubi ya fito, kana son lambar keken da ɗan zanen bayansa su fito, sai ka yi ta faɗaɗa fili har ya kai 80 ko 100. Kowa haka yake farawa. Akwai wurin rage ma'auni a edita, kuma yana aiki, amma ni ban cika son sa ga abin hawa ba. Idan ka ajiye keke mai ƙananan boksel kusa da gine-ginen wasan sai ya zama bare, ɓaraguzansa ma ba sa kama da na sauran, ga kuma nauyin da yake ƙara wa kwamfuta. Wasan nan dama ba ya wasa da ƙaramar na'ura.

Wannan ƙuncin fili shi ne ainihin sana'ar, kuma a nan na fi jin daɗin aikin. Da boksel 13 a faɗi ba za ka iya zana komai ba, dole ka zauna ka tambayi kanka me ke sa mutum ya hango keke daga nesa ya gane shi. A wurina abu uku ne: taya ɗaya a gaba, baƙar rumfa a sama, da gefen da yake buɗe babu ƙofa. Idan waɗannan sun zauna, madubi boksel ɗaya ya ishe shi, fitila ma haka. Na fi samun sa'a idan na fara da launi ɗaya tak, toka-toka, na gyara siffar har sai ta yi kama da keke ko ba fenti, sannan na dawo kan launi. Idan siffa ba ta yi ba, ado ba ya ceton ta.

Wani abu da zai iya sa ɓangarori su riƙa zubewa ko bayan ka gyara launi: boksel biyu da suka haɗu ta kusurwa kawai, wasan ba ya ɗaukarsu a matsayin manne. Sai fuska ta taɓa fuska. Sandunan da ke riƙe da rumfa su ne suka fi faɗawa wannan tarko, musamman idan ka karkata su don su yi kyau. Yi musu hawa-hawa kamar matakala, kowane mataki ya jingina da na kusa da shi sosai. Haka nan ka yi tunanin kauri. Bangon boksel ɗaya harbi ɗaya ke raba shi, don haka inda kake so ya jure, kamar ƙashin ƙasan keken, ba shi biyu.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Kar ka bar MagicaVoxel, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. A can ake sassaƙa, a editan Teardown ake harhaɗawa da ba abu rai. Ka raba keken gida-gida a fayil ɗaya, jiki daban, kowace taya daban, ka raɗa wa kowanne suna, domin da sunan edita zai kira shi. A edita sai ka sa vehicle (abin hawa) a sama, body (gangar jiki) a ƙarƙashinsa, sannan vox (zanen boksel) na jikin da wheel (taya) guda uku. Tayar gaba ita za ka ba juyawa, na baya biyu su ne masu tura keken. Kar ka manta da alamar wurin zaman direba, idan ba haka ba za ka shiga ka tarar kanka ya huda rumfa. Idan ya tafi da baya lokacin da ka taka gaba, juya jikin ka fuskantar da shi ɗaya ɓangaren. Akwai kuma yanayin ƙirƙira da aka ƙara a 2023, inda kake zana boksel kai tsaye kana tsaye cikin filin wasan. Ina amfani da shi idan ina son ganin girman abu da idona kafin na zauna aikin gaske, amma ga abin da ke buƙatar daidaito kamar taya, hannu ba ya zama yadda yake zama a MagicaVoxel.

Ka shirya wa faɗuwa a kwana. Mai taya uku zai riƙa kifewa da farko, domin wasan yana lissafa nauyi daga boksel ɗin da ka zuba, kuma rumfa mai kauri tana ja shi sama. Ni na sirantar da rumfar, na raba ƙasan keken ya zama yanki na daban na ƙara masa nauyi a edita, na kuma rage iyakar gudunsa. Bayan haka sai ya fara shan kwana yana ɗan karkata kamar na gaske ba tare da ya kife ba.

Duk gyara ɗaya da ka yi, adana, shiga wasan, hau shi, buga shi da bango, sa masa wuta, sannan ka dawo. Kar ka tara gyara goma, don idan ya lalace ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Idan ka duba lambar launin nan ka ga ba a gidajen gilashi take ba, turo hoton allon launukanka da na jerin da ke gefen edita a nan, zan duba maka bayan isha'i in sha Allah.