Gyaran ƙashin baya da hannu: yadda sauƙi yake zuwa mako bayan mako

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce ciwon ƙugu ne mai sauka ƙafa, ka je wurin kairofrakta, mai gyaran ƙashin baya da hannu, sau uku, jikinka ma ya ƙara tsami, kana tambaya ko ka ci gaba.

Tsamin da ke biyo bayan zuwan farko ko na biyu abu ne da aka saba gani, kuma yakan sake ka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarar "ƙas" da kake ji idan ya danna ka iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka ja yatsa. Kada ka auna aikin da ita.

Yawanci ana farawa da zuwa sau biyu ko uku a mako, na mako biyu zuwa huɗu. A wannan lokacin abin lura shi ne inda ciwon yake tsayawa. Mai sauka ƙafa galibi daga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu na ƙasa yake, L4-L5 ko L5-S1, idan ya bulluƙo ya taɓa jijiya. In da yana kaiwa ƙwauri, yanzu ya tsaya a cinya, gobe ya dawo ƙugu, to ana samun nasara ko da ƙugun ya ɗan ƙara nauyi. In kuwa yana ƙara gangarawa zuwa tafin ƙafa, a dakata a sake dubawa. Ka samu littafi ka riƙa rubutawa: minti nawa kake iya zama kafin ya motsa, ruku'u yana yiwuwa ko sai a kujera, sau nawa ya tashe ka da dare. Ƙwaƙwalwa tana manta ciwon makon jiya, takarda ba ta mantawa.

Daga mako na huɗu zuwa na shida ya kamata zuwan ya ragu zuwa sau ɗaya a mako, sannan sau ɗaya a mako biyu, aikin ya koma hannunka: tafiyar minti 15 safe da yamma, atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, da lanƙwasa gwiwa in za ka ɗaga jarkar ruwa. Doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada tana mayar da hannun agogo baya. Kwanciya wuni guda ma haka. Faifan da ya bulluƙo kan ɗauki watanni kafin ya lafa, don haka ɗan dindiris a ƙafa zai iya jimawa bayan ciwon ya tafi.

Idan an kai mako shida littafin nan bai nuna canji ba, kada ka yarda a ce ka biya kuɗin zuwa talatin gaba ɗaya. Nemi likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a duba ko ana bukatar hoton MRI.

Akwai alamun da ba a jiran mako shida a kansu. Rashin jin taɓi a fatar tsakanin cinyoyi, riƙewar fitsari ko zubarsa, ƙafa ta fara jan ƙasa: asibiti a ranar, domin mai yiwuwa jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse. Zazzaɓi, rama da gumin dare tare da ciwon baya kuma na iya zama tarin fuka na ƙashin baya, wanda muke da shi a nan, kuma danna irin wannan ƙashi haɗari ne babba. Mai sikila, tsoho mai raunin ƙashi, da mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin, duk su faɗa tun kafin a kwantar da su. Wuya kuwa ina roƙonka ka ƙi a murɗa maka shi da ƙarfi, tunda ƙugu ne damuwarka. Ba kasafai ba, amma yakan yaga jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa.

Ka kuma tambayi kairofraktan shaidar rajistarsa da hukumar MRTB, ita ce ke kula da masu wannan aiki a Nijeriya.