Me ya sa muke wahalar da hannun da bai karye ba?

Jiya bayan la'asar ka tare ni da tambaya: "Maigida, ɗan damben nan wuyan hannunsa na dama ne ya karye, yana cikin siminti, me ya sa kake sa shi ɗaga ƙarfe da na hagu? Ba ɓata lokaci ba ne?" Mutane na jira a lokacin, shi ya sa na ce ka dakata. To saurara, yarona.

Ka taɓa tsayawa ka kalli hannu ranar da aka fasa masa siminti? Fata tana saɓa, tsoka ta tsotse, mai shi ya ɗauki kofin shayi hannu na karkarwa. Na ga ƙato wanda ya saba kayar da maza a fage ya dubi hannunsa ranar, ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika da ƙwalla. Ramar tsoka ce ido ke gani. Akwai asarar da ba a gani: ƙwaƙwalwa ta yi makonni ba ta aiki hannun ba, har saƙon da take tura masa ya yi sanyi.

Ƙarfi ba a nama kaɗai yake ba. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke juya hagun jiki, na hagu kuma ke juya dama. Amma idan mutum ya yi yunƙuri mai tsanani da hannu ɗaya, ɓangarorin biyu duka ke tashi. Ka ga ke nan lokacin da yaron nan ke nishi da ƙarfe a hagu, ɓangaren da ke riƙe da damansa ma yana samun atisaye, alhali ƙashin na kwance ba a taɓa shi ba.

Ba ni na ƙago wannan ba. Tun 1894, a jami'ar Yale ta Amurka, Edward Scripture da wasu mata biyu abokan aikinsa suka lura cewa idan hannu ɗaya ya saba matsa roba kullum, ɗayan ma ƙarfinsa na ƙaruwa. A 2009 kuma Jonathan Farthing na jami'ar Saskatchewan a Kanada ya sa wa lafiyayyun mutane siminti a hannun hagu tsawon mako 3. Waɗanda suka zauna haka nan sun rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfin hannun. Waɗanda suka riƙa atisaye da dama kuwa ƙarfin hagunsu bai faɗi ba.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida. Tsokar da kake son karewa, takwararta za ka kama a ɗaya gefen: wuyan hannu da wuyan hannu, cinya da cinya. Kuma nauyi na gaske, wanda kafin ya ɗaga sau goma fuska ta yamutse; kaɗa hannu da ɗan ƙarfe marar nauyi ba ya kai saƙon. Inda nake fi sa ido shi ne saukewa. Ya ɗaga, sannan ya sauke a hankali yana ƙirga uku, don atisayen da tsoka ke miƙewa tana riƙe da nauyi ya fi ƙetarawa zuwa ɗaya gefen.

Kada kuma ka cika wa majiyyaci baki, abin yana ɓata mini rai idan na ji ana yi. Wannan dabara ba ta ɗora ƙashi, ba ta haɗa jijiyar da ta tsinke. Ƙarfin da ke ƙetarawa a lafiyayyen mutum bai cika wuce kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ba, kuma a kan mutanen da aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa, wani bincike ya ga amfani, wani bai gani ba. Rage asara muke yi, don ranar fasa siminti ya samu abin da zai fara da shi.

Gobe kai za ka tsaya a kansa. Likitan ƙashi ya riga ya ba da izini. Ka ɗora hannun daman a kan matashi, ka riƙa duban yatsunsa, domin idan hagu ta yi yunƙuri su ma suna son dunƙulewa da kansu. Da ya ce ya ji zafi a cikin simintin, ka tsayar da shi ka kira ni.