Baƙo daga Nijar mai neman littattafan tarihi a Sakkwato

Malam, barka da zuwa. Ka ce daga Maraɗi ka zo, kana neman inda za ka karanta tarihin Daular Usmaniyya, kuma kana tsoron a hana ka shiga don kai ba ɗan Najeriya ba ne. Kwantar da hankalinka. Ka dai riƙe katin shaidarka, in da hali har da takarda daga makarantarka.

Ni da gidan tarihi na Waziri Junaidu zan ce ka fara. Can akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Galibinsu warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, don haka kada ka hargitsa jerinsu. Duba ƙasan shafi, sau da yawa za ka ga kalmar da shafi na gaba ya fara da ita. Kada ka ɗauki hoto sai ka nemi izini.

Littattafan bugu kuwa, nufi ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Takardun mulkin Turawa na Lardin Sakkwato, tun bayan 1903, yawancinsu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, kuma da Ingilishi suke. In Faransanci ka karanta, tafi da mai taimaka maka.