Tambayoyin Masu Karatu: Motsa Jiki Cikin Natsuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na fara motsa jiki a hankali da safe, ina haɗawa da dogon numfashi don in samu natsuwar zuciya. Amma bayan 'yan mintoci sai jiri ya ɗebe ni, in ji kamar ana tsira min allura a yatsu, kuma tunanina ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ina kuskuren yake?
Wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Galibi jirin nan daga numfashin yake. Idan mutum ya riƙa zuƙar iska da ƙarfi yana fesarwa da sauri, iskar kabon da ke cikin jini takan ragu fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, shi ne jirin da tsikarin yatsun. Ki sassauta. Shaƙi iska ta hanci cikin daƙiƙa 4, ki sake ta a hankali cikin daƙiƙa 6, numfashi 6 ke nan a minti ɗaya. Ɗora tafin hannu a kan cibiya: cikinki ne zai riƙa tasowa, kafaɗu su zauna a sake.

Idan numfashin ya daidaita, sai ki haɗa da taku. Tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Mayar da nauyinki kacokan kan ƙafar hagu kafin ki ɗaga ta dama. Diddige ya fara sauka, sai tafin ƙafa, sai yatsu. Taku 10 zuwa, 10 dawowa, na tsawon minti 5 a makon farko, daga baya ki kai minti 10. Haka masu wasan taici, wato motsa jiki a hankali na ƙasar Sin, suke takawa, musamman a salon motsi 24 da aka sauƙaƙa a 1956. Ki lura da gwiwa: in tana karkata ciki za ta yi ciwo, don haka ta bi saitin yatsun ƙafa.

Batun tunani kuwa, kowa nasa yakan yi yawo. Duk lokacin da kika farga ya tafi, dawo da shi kan tafin ƙafarki ba tare da kin ga laifin kanki ba. A wannan dawowar ake samun natsuwar da kike nema, ko da sau ashirin kika yi ta. Amma in jirin ya zo da ciwon ƙirji, ko bugun zuciya, ko suma, ki dakata ki ga likita tukuna.

TAMBAYA: Shekarata 66. An ce in riƙa sa wasa cikin motsa jikina. Ya dace da dattijo?
Wani mai karatu

AMSA: Ya dace ƙwarai, Baba, domin abin da ke sa raha shi ake ɗorewa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi atisayen da ke ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, saboda rage faɗuwa. Ka dafa bango, ka ɗaga ƙafa ɗaya ka rubuta sunanka a iska da babban yatsan ƙafar, sannan ka sauya. Ko ku tsaya fuska da fuska da wani, yana motsi a hankali kana kwaikwayonsa kamar madubi, minti 2 kowannenku. A guji santsi, kuma kada a rufe ido a tsaye da ƙafa ɗaya sai da abin dafawa a kusa.