Kafin Alhaji ya sayar da rumfarsa ta Mile 12

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a fisiyoloji, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki, kana zaune a Agege ba aikin fari ba na baƙi, kuma ka shawo kan Alhaji ya sayar da rumfarsa ta kasuwar Mile 12 a Legas a biya maka digiri na biyu a Ingila. Hujjarka ita ce ba a zama masanin kimiyya a ƙasar da ba wuta ba kayan aiki. Bari in ba ka labarin wani mutum tukuna.

Bernardo Houssay ɗan Ajantina ne, an haife shi a Buenos Aires a 1887. Yana da shekara 14 ya shiga makarantar haɗa magunguna, ya gama yana da 17, ya wuce karatun likita. A 1919 aka ba shi kujerar fisiyoloji a Jami'ar Buenos Aires, ya mayar da sashen cibiyar bincike da duniya ta san da zamanta. Aikin da ya fito da shi ka karanta shi a aji, ko da ba a faɗa maka sunansa ba. Idan aka cire wa kare fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, sai ciwon suga mai tsanani ya kama shi. Houssay ya ƙara cire wa karen fituwitari, 'yar abar nan mai kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sai ciwon ya yi sauƙi. Da aka yi wa karen allurar ruwan fituwitarin, ciwon ya dawo. Da haka aka gane ba insulin kaɗai ke riƙe da linzamin suga a jini ba, akwai masu ja da shi. Karnuka da kwaɗi da hannu mai iya fiɗa, su ne jarinsa.

A 1943 sojoji suka kore shi daga jami'a tare da wasu malamai, saboda sun sa hannu a takardar neman a koma mulkin dimokuraɗiyya. Ƙasashen waje suka yi ta zawarcinsa, ya ƙi. A 1944 ya buɗe cibiyarsa mai zaman kanta da gudunmawar masu hali. Lambar Nobel ta 1947, wadda ya raba da Carl da Gerty Cori, ta same shi ne ba ya kan kujerarsa, sai a 1955 ya koma. A 1958 aka kafa hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CONICET, ya shugabance ta har rasuwarsa a 1971.

Na san me za ka ce: Yaya yana cikin daula yana mini wa'azin zaman gida. Ba haka ba ne. César Milstein ɗan ƙasar ne shi ma, ya tattara ya koma Kambirij da ke Ingila a 1963 da siyasa ta dagula wurin aikinsa, a can ya ci Nobel a 1984, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da nake so ka duba shi ne ɗalibin Houssay, Luis Leloir. A 1936 ya tafi Kambirij wurin Frederick Hopkins, ya san wurin wa za shi da abin da za shi koyo. Ya dawo gida, ya ci Nobel a 1970. Kai fa, wurin wa za ka? A saƙonka na ga sunan gari da kuɗin makaranta, ban ga sunan malami ko ɗaya ba.

Ni da kuɗin gida na zo Ingila, na kuma ɗanɗana kuɗata. Digiri na biyu irin na shekara ɗaya yawancinsa lacca ne, sai a ƙarshe ka ɗan taɓa ɗakin gwaji. Dare ina gidan kula da tsofaffi ina canza zanin gado, da asuba in tsaya jiran bas yatsuna sun ƙage don sanyi, in shiga aji ina gyangyaɗi. Sai da na samu digirin digirgir mai tallafi, inda su ke biyana, na fara aikin gaske. Shi ma wata uku na yi ina auna ɓeraye ina wanke kwalabe kafin a bar ni in riƙe almakashi. Af, tunda an sa ranarka: daga Janairun 2024 mai irin wannan digirin na lacca ba ya zuwa da iyali.

Don haka ka bar wa Alhaji rumfarsa, da kwandunan tumatir ɗin nan ake ciyar da gida har da ƙannenka. Ka je wurin malamin da ya duba aikinka na ƙarshe, ka roƙe shi ya ɗauke ka ko ba albashi, ka koyi riƙe dabba da auna jini da rubuta sakamako. In sunanka ya fito a takardar bincike ko ɗaya ce, ta fi takardar shaidar banki ƙarfi a idon malaman nan. Sannan ka nemi tallafin karatu na Commonwealth, ko ka rubuta wa masu ɗakunan gwaji kai tsaye.

Kafin ƙarshen wata ka turo mini sunayen malamai uku da ka karanta aikinsu, da abin da kake son koya wurin kowanne, in duba maka wasiƙun. Ka gaishe mini da Alhaji da Hajiya.