Amsoshin Tambayoyinku: Tseren Kwalekwale Mai Dogon Zango a Teku

Tambaya daga wani mai karatu a Nima, Accra: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli wani tsere a talabijin inda mutum shida ke tuƙa siririn kwalekwale mai wani dogon itace ɗaure a gefensa, sai na ga wasu suna faɗawa ruwa, wasu kuma suna hawa alhali kwalekwalen bai tsaya ba. Wane irin tsere ne wannan, kuma doka ta yarda da abin da suka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani wasan mutanen tsibiran tekun Fasifik ne, musamman Hawai da Tahiti, kuma itacen nan madogari ne da ake ɗaurewa a gefen hagu da sanduna biyu don ya hana kwalekwalen kifewa. Mafi shahara a cikin tseren shi ne Moloka'i Hoe, wanda aka fara a 1952, inda maza ke ƙetare mashigin Kaiwi daga tsibirin Moloka'i zuwa bakin ruwan Waikiki a tsibirin O'ahu, duk a Hawai, tafiyar kusan kilomita 66. Mata suna da nasu a kan hanyar, mai suna Na Wahine O Ke Kai, tun 1979.

Sauya matuƙa a tsakiyar teku yana cikin dokar wannan tsere. A babban rukunin maza kowace ƙungiya tana da mutum tara: shida suna tuƙi, uku suna hutawa a jirgin rakiya mai inji. Idan lokacin sauyi ya yi, jirgin rakiya zai wuce gaba ya sauke su a ruwa su jera, mai riƙe da akalar kwalekwale a kujera ta shida ya nufo su, waɗanda suka gaji su mirgina ruwa ta dama, sababbi su kama gefen hagu su hau. A ganina nan ne hatsari ya fi yawa a duk tseren, domin mutane suna cikin ruwa, igiyar ruwa tana ɓoye kawunansu, ga kuma farfelar jiragen rakiya na ƙungiyoyi da yawa tana juyawa kusa da su. Shi ya sa ƙwarewar direban jirgin rakiya take da muhimmanci kamar ta matuƙa, kuma ba a kwashe mutum daga ruwa sai an tsayar da farfela.

Ba kowane tsere ke yarda da sauyi ba. A tseren Hawaiki Nui Va'a na tsibiran yankin Tahiti, wanda ake yi kwana uku daga Huahine zuwa Raiatea, zuwa Taha'a, a ƙare a Bora Bora, mutum shidan da suka tashi da safe su ne za su kai zangon ranar.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Sabon Zango: Me ya sa ake yin waɗannan tsere a ƙarshen shekara, kuma ana iya soke su bayan mutane sun kashe kuɗi sun zo?

Amsa: Malama, a Hawai ana fara kakar ne da gajeren tsere kusa da gaɓa a watannin Yuni da Yuli, sannan a shiga na dogon zango daga Agusta, ana ƙara nisa sannu a hankali, har a kai ga ƙetare mashigin: mata a Satumba, maza a Oktoba. Jikin matuƙa yana samun lokacin sabawa, kuma ana gamawa kafin manyan igiyoyin lokacin sanyi su kankama. Batun sokewa kuwa, ana yi. An soke tseren mata a 1980 da 2015 saboda yanayin teku. A 1966 an bar maza sun tashi cikin mummunar igiyar ruwa, kwalekwale da dama suka lalace, kusan rabi ba su kai gaci ba.

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar matasa a Madina Zango: Malam, muna so mu shirya irinsa daga Jamestown zuwa Tema. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Ɗana, niyyar tana da kyau, amma ba zan ba ku shawarar farawa da wannan hanya ba. Tema babbar tashar jiragen ruwa ce, kuma direban jirgin dakon kaya ba ya iya hango ƙaramin kwalekwale da wuri, balle ya tsaya nan take. Ku fara da ɗan gajeren zango a ruwa mai kwanciya, kamar cikin kogin Volta a Ada, nesa da bakin da yake haɗuwa da teku, inda ruwa ke da ƙarfi ƙwarai. Ku kuma sani cewa kwalekwalen masuntanmu da ake sassaƙawa daga itacen wawa yana da faɗi da nauyi, don haka dokokin Hawai ba za su hau kansa kai tsaye ba.

Wajen sa rana, ku guji watannin Afrilu zuwa Yuni, lokacin da hadari ke tasowa da iska ba zato, ku kuma yi hattara da hazon hunturu a Disamba da Janairu, wanda kan hana jirgin rakiya ganin wanda yake rakawa. Kada ranar ta faɗo cikin azumi, domin mai tuƙi na awoyi a rana dole ne ya riƙa shan ruwa. Wani zai ce ku zaɓi Talata tunda masuntan Accra ba sa fita kamun kifi a ranar. To, wannan al'adarsu ce mai daraja a wurinsu, saboda haka ku fara zuwa wurin shugaban masunta ku ji ta bakinsa, sannan ku nemi izinin hukumar kula da sufurin ruwa ta Ghana, ku bi hasashen hukumar yanayi har zuwa safiyar ranar.

Kada a bar wanda bai iya iyo ba ya shiga, ko da ɗan shugaban ƙungiya ne. Kowane matuƙi ya sami rigar kariya daga nutsewa, kowane kwalekwale ya ɗauki abin kwarfe ruwa da usur, ya kuma sami jirgin rakiya nasa mai ɗauke da igiya da na'urar sadarwa. Kafin ranar, kowace ƙungiya ta gwada kifar da kwalekwalenta da gangan, ta ƙirga mutanenta, ta mayar da shi daidai, har abin ya zame mata jiki. A rubuta sunan duk wanda ya shiga ruwa, a sake kiran sunayen a wurin sauka. Sannan ku naɗa mutum guda wanda ya san teku, wanda ba shi da ƙungiya a cikin tseren kuma ba shi ne ya sa kuɗi ba, ku ba shi a rubuce ikon ɗage tseren ko soke shi, ko da manyan baƙi sun riga sun zauna a rumfa.