Amsar Baffa a kan gwajin asali

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙaninki ya buɗe min shi a waya ya karanta, na ce ya sake daga farko. Mutanen gida kowa lafiya, Gwaggonki ce dai ƙafa ke damunta in sanyi ya shigo. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ke lafiya.

Ga abin da na fahimta. Kin ga abokan karatunki a can Amurka suna bin asalin gidajensu har zuwa zamanin da ƙasarsu take hannun Ingila, suna haɗa gwajin ƙwayoyin halitta, wanda kuke ce wa DNA, da tsofaffin takardun coci da na kotu. Ga kuma wani bawan Allah daga Mai Wurno ta Sudan da kuka haɗu a Facebook, ya ce kakan mahaifinsa daga garinmu ya fito, sunan da ya ambata kuma ya yi daidai da na ƙanin kakana da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru. Kina so ki aiko min da ɗan kwali in goga auduga a cikin bakina, shi ma ya goga, a gwada a gani. Kika ce: Baffa, al'adarmu ta yarda da wannan?

Sai da na yi dariya. Shekarata saba'in da biyar, ba wanda ya taɓa neman yawun bakina sai don tofi.

Na san abin da ya sa ni kika nema. Shekara talatin na yi ina koyarwa, kuma ban daina karatu ba don na yi ritaya. Ƙwayar da ake dubawa a irin wannan gwaji, wadda suke kira Y, maza kaɗai ke da ita. Uba ne ke ba ɗansa, ɗan ya ba nasa ɗan, tana tafiya kusan yadda take, sai ɗan canji da ke faruwa jefi-jefi, da shi ake ƙiyasta nisan dangantaka. Ke ba ki da ita. Mahaifinki ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, saboda haka sai ni ko ƙannenki. Amma ki lura da ƙanƙantar abin da take bi. In kika koma baya hawa uku, mutum takwas ne suka haɗu aka same ki. Hawa goma, gurbin mutum 1,024 ne. Gwajin nan mutum ɗaya yake bi a kowane hawa, uban uban uba. Duk iyayenki mata da iyayensu bai san da zamansu ba. In mutumin nan na Sudan ta wajen wata kaka mace ya haɗu da mu, gwajin zai ce ba ruwanmu da shi, alhali ɗan'uwanmu ne na haƙiƙa.

Tunda Amurkawa kika gani, bari in ba ki labarinsu da ya fi tsaya min a rai. Shugaban ƙasarsu na uku, Thomas Jefferson, wanda aka haifa a Virginia a 1743 tun Ingila na mulkinta, an daɗe ana cewa ya haifi 'ya'ya da baiwarsa Sally Hemings. Zuriyarsa ta farar fata suka yi ta musu, suka ɗora abin a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa, 'yan gidan Carr. A 1998 wani likita, Eugene Foster, ya yi irin gwajin nan. Da yake Jefferson bai bar ɗa namiji daga matarsa ta aure ba, sai aka gwada zuriyar baffansa, Field Jefferson. Ƙwayar ta yi daidai da ta wani da ya fito daga tsatson Eston, autan Sally, ba ta kuma yi daidai da ta gidan Carr ba. To amma gwajin bai ce Thomas ne ba. Iyakar abin da ya ce, wani namiji ne daga gidan Jefferson. Takardu ne suka ƙarasa aikin: an duba rubutun da ya bari, aka ga duk lokacin da Sally ta ɗauki ciki yana gida a Monticello. Da aka haɗa biyun, cibiyar da ke kula da gidan nasa ta fitar da rahoto a shekarar 2000 cewa mafi rinjayen zato shi ne uban.

Kowa wannan ɓangaren yake ba da labari. Ni kuwa wani gida ne ya ba ni tausayi, gidan Woodson. Su ma tun kakanni suke gaya wa 'ya'yansu cewa kakansu Thomas Woodson ɗan Jefferson ne. Aka gwada su a wannan bincike ɗin, ba su yi daidai ba. Ki tsaya ki yi tunanin dattijon da ya tashi da wannan labari, ya ba 'ya'yansa da jikokinsa, ranar nan takarda ta zo. Kafin ki buɗe kwalin nan, wannan dattijon nake so ki tuna, don yana iya zama ni, yana iya zama mutumin Mai Wurno.

Yanzu ga al'ada. Neman sanin asali ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana umartar mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Kakanninmu ma suna da nasu hanyoyin. Tsagen da wanzami ke yi wa jariri ai shaidar asali ce, in ka ga Bagobiri ko Bakabe ba sai ka tambaya ba. Maroƙi in ya tashi kirari, jerin kakanni yake kawowa, akwai gidajen da maroƙansu sun fi 'yan gidan sanin waye ya haifi wa. Ko a zamanin Manzo akwai masu duban kamanni. Wani Mujazziz ya ga tafin ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama suna kwance sun rufe kawunansu, ya ce ƙafafun nan daga juna suke, Manzo ya yi farin ciki da maganar.

Sai dai akwai iyaka, kuma iyakar ce ta fi damuna a zancenki. A shari'armu ɗa na mai shimfiɗa ne, wato na mijin da aka haife shi a gidansa da aure. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi jayayya da Abdu ɗan Zam'a a kan wani yaro. Manzo ya ga yaron ya yi kama da ɗan'uwan Sa'adu ƙwarai, duk da haka ya hukunta shi ga gidan Zam'a inda aka haife shi. Kama da wane ba ta wane. Sukar nasabar mutum kuwa an jera ta tare da kukan mutuwa irin na jahiliyya. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2002 a kan wannan gwaji ɗin kansa. Ta yarda a yi amfani da shi inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, ko yara suka ɓace a yaƙi ko bala'i, ko ake jayayya a kan wanda ba a san nasabarsa ba. Ta hana a yi shi don kore nasabar da ta riga ta tabbata, ko don a sake bincikar ta. Namu zancen yana tsakanin biyun. Neman dangin da yaƙi ya raba mu da su abu ne mai kyau. Amma yawun da zan bayar ba nawa ne ni kaɗai ba, na duk namijin da ya fito daga gidan nan ne. In gobe wani ɗan baffanki ya yi nasa gwajin a wannan kamfani, na'ura ta ce ni da shi ba mu haɗu ba, wa zai mayar da wannan magana cikin baki? Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.

Kuma ba sai an yi abin kunya ba kafin a samu saɓani. Ku 'yan yanzu ba ku san yawan riƙon da ake yi a gidajenmu na da ba. Mace in ba ta haihu ba, ɗan'uwanta ya ba ta nasa. Agola ya shigo da uwarsa yana goye, ya girma a gidan, ya yi aure a gidan, mutanen gari su riƙa kiransa da sunan maigidan. Almajiri ya zauna wurin malaminsa shekara ashirin, a ba shi 'ya, jikokinsa su ce su jikokin malam ne. Ga kuma zancen da ba a son yi, na bayi da cucanawa. Turawa sun yi doka a 1901 cewa duk wanda aka haifa bayan watan Maris na shekarar ɗa ne, ba bawa ba, amma bauta ba ta ƙare a doka gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tsakanin nan mutane da yawa sun fanshi kansu ta murgu, wasu kotun alkali ta 'yanta su, suka zauna a gidajen da suka saba, aka zama ɗaya. Manya sun sani, suka rufe, don kada a goranta wa yaro ranar neman aure. Na san gidaje biyu a unguwarmu da haka abin yake, kuma ba zan faɗa miki su ba ko da kin dawo.

Batun takardu kuwa, kada ki sa rai da irin na Amurkawa. Su suna da sunan gida da ke bin maza ɗaruruwan shekaru, suna da rajistar coci da wasiyya da takardun filaye. Mu sunan uba muke ɗauka, hawa biyu ya ɓace. Waɗanda suka shiga makarantar boko ma da yawa sunan gari aka liƙa musu, shi ya sa kika ji Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na taɓa yin mako biyu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ina duba fayilolin lardin Kano. Akwai rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma da Di'o-Di'o suka rubuta, a ciki za ki samu jerin hakimai da dagatai da wanda ya gaji wa. Talaka kuwa sai dai a ƙidaya shi tare da shanunsa da gonarsa. In kuma sunansa ya fito, Bature ya murɗe shi, Muhammadu ya koma Momodu. Mu gidan malamai ne ba gidan sarauta ba, na fito da layi biyu kacal a kan garinmu. Duk da haka ki je in kin dawo, ki leƙa Gidan Arewa a nan Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ta ɓangaren Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa zuwa Khartoum ba magana ba ce yanzu, amma jami'ar Durham a Ingila tana da tarin takardun Turawan da suka yi mulki a can.

Abin da muka sani a gida shi ne wannan. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki suna bin sa. Kakana da ƙaninsa duka sun ɗaura niyya, sai dai mahaifiyarsu ta tsufa, aka ce babba ya zauna. A Burmi aka kashe Sarkin Musulmi ranar 27 ga Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har bakin kogin Nilu kusa da Sennar, garin ya ci sunansa. Bayan shekaru wani alhajin ƙasa da ya dawo ta can ya kawo wasiƙa guda da ajami daga ƙanin kakana. Na gan ta da idona ina yaro. Tana cikin akwatin ƙarfen nan na Gwaggonki, a naɗe cikin tsumma tare da wani tsohon kundi. A cikinta ya ambaci 'ya'yansa uku da sunan matarsa. Wannan takarda ta fi min kwalinki daraja, don gwaji ko ya yi daidai ba zai faɗi suna ba, zai ce ne kawai mun haɗu a wani kaka.

Wani abu kuma, don kada ki ruɗe in kin ga sakamakon wani Bahaushe. Yawancin mazan Afirka ta Yamma suna faɗawa rukunin da ake kira E. Amma Hausawa da yawa da mutanen yankin tafkin Chadi suna cikin wani reshe na rukunin R1b, rukunin da ya yi yawa a Turai. Wani yaro ya taɓa zuwa min da murna wai ashe kakansa Bature ne. Na ce masa ya zauna. Reshen nan, da suke kira V88, ya yi dubban shekaru a wannan yanki, tun kafin a san za a yi wani Lugga, gwamnan Turawa na farko a Arewa. Ki kuma tuna bayanan nan a hannun kamfani suke zama. A 2023 ɓarayin intanet sun kwashe bayanan mutum kusan miliyan bakwai daga wani kamfanin irin wannan gwaji mai suna 23andMe.

To ga hukuncina, tunda kin ba ni girma kin tambaya. Ki fara rubuta wa mutumin nan, ki gaishe shi da ladabi a madadina, ki tambayi yadda suke da iyali a cikin wannan yaƙi kafin komai. Sannan ki roƙe shi ya lissafo kakanninsa da sunayen matansu, da abin da tsofaffinsu ke cewa game da wanda aka bari a gida. Kada ki gaya masa sunayen da ke cikin wasiƙar. Ni kuma zan sa ƙaninki ya zauna da Gwaggonki ya naɗi muryarta, ita ce ta rage da ta zauna da matar kakana. In sunayen sun haɗu, ni a wurina magana ta ƙare, ɗan'uwanmu ne, kuma zan kira shi da kaina.

In bayan haka har yanzu ranki na kan gwajin, sai na tara baffanninki da 'ya'yansu maza ranar Sallah na gaya musu, don da su za a gwada ko sun goga auduga ko ba su goga ba. In mutum ɗaya ya ce a'a, an bari. In sun yarda, ki aiko da kwalin, da sharaɗin sakamakon ni za a fara nuna wa, kuma ba za a sa shi a Facebook ba.

Gwaggonki ta ce ki aiko mata da man ƙafar nan irin na bara. Wassalam, Baffanki.